Garin da Mai Ya Cika Cikin Wata Uku: Ziyara Zuwa Gladys City

A cikin wata ziyarar ƙaro ilimi da aka kai mu, mu malaman sakandare 'yan ƙalilan, zuwa jihar Teksas ta ƙasar Amurka, an keɓe mana yini guda domin mu leƙa wani gidan tarihi da ke garin Beaumont, mai nisan kimanin mil 85 gabas da birnin Houston. Da aka ce mana gidan tarihi, mun zaci irin Gidan Makama ne na Kano, inda ake bi ɗaki-ɗaki ana kallon kayan da. Ashe ba haka ba ne. Gari ne aka sake ginawa da katako, gine-gine 15 kewaye da wani fili, kowanne da kayansa a ciki kamar mai shi ya ɗan fita ne yanzu zai dawo. Sunan wurin Spindletop-Gladys City. An gina shi a 1976, lokacin da Amurka ke bikin cika shekara 200 da samun 'yanci, aka kuma danƙa shi a hannun Jami'ar Lamar. Abin da muka gani a can, da wata tambaya da aka yi mana muka kasa amsawa, su ne dalilin wannan rubutu.

Mai Hannu Ɗaya da Tudunsa

Kafin 1901 Beaumont garin masu sassabe katako ne da noman shinkafa, mutanensa ba su kai 10,000 ba. A kudu da garin akwai wani ɗan tudu da ake kira Spindletop, wanda a wajenmu ba zai ci sunan tudu ba saboda ƙanƙantarsa. Ruwan da ke ɓuɓɓugowa a kansa yana warin farar wuta, kuma iskar gas na fita daga ƙasa. Wani ɗan garin mai suna Pattillo Higgins, wanda ya rasa hannu ɗaya tun yana ɗan shekara 17 a wani harbe-harbe da ya yi da jami'an tsaro, daga baya ya shiryu ya zama mai koyar da yara addini ranar Lahadi a majami'a, shi ne ya kafe a kan cewa akwai mai a ƙarƙashin tudun nan. Yakan kai ɗalibansa can, ya caka sanda a ƙasa, ya ƙyasta ashana, wuta ta kama. Bai yi zurfi a makaranta ba, littattafai ya karanta da kansa, saboda haka masana kimiyyar ƙasa na lokacin suka ɗauke shi mai taɓin hankali.

A 1892 Higgins da wasu masu kuɗin garin, cikinsu har da George Carroll da George O'Brien, suka kafa kamfani, aka sa masa sunan wata yarinya 'yar ajinsa, Gladys Bingham. Burinsa ya wuce haƙo mai. Ya zana taswirar wani birni mai tsari da za a gina a gefen tudun, da masana'antu da makarantu da wuraren ibada da filayen shan iska. Sau uku ana haƙa rijiya, a 1893 da 1895 da 1896, yashi mai zaftarewa yana cike ramin kafin a yi nisa. Kuɗi suka ƙare, abokan tarayya suka ja da baya.

Higgins bai daddara ba. Ya buga talla yana neman wanda zai ci gaba da aikin, sai wani injiniyan ma'adinai ɗan asalin Kuroshiya mai suna Anthony Lucas ya amsa. Shi Lucas ya yi aikin haƙar gishiri a jihar Luwiziyana, ya kuma gane cewa tudun Spindletop wani ƙaton curin gishiri ne ya turo ƙasa sama, kuma irin wannan curi yakan tare mai a kansa da gefensa. Ya fara haƙa a 1899, shi ma kuɗinsa suka ƙare a ƙafa 575. Daga nan ya nemi taimakon James Guffey da John Galey na birnin Pittsburgh, su kuma suka samo bashi daga iyalan Mellon masu banki. A wannan yarjejeniya Lucas ya tsira da kashi ɗaya cikin takwas. Higgins, wanda ya fara nuna wurin, ba a sa sunansa ba, sai daga baya ya kai ƙara aka sasanta.

Ranar 10 ga Janairu, 1901

Waɗanda suka yi aikin da hannunsu su ne 'yan gidan Hamill, wato Al da Curt, waɗanda aka ɗauko daga garin Corsicana tare da injinsu mai haƙa ta hanyar juyawa. Sun fara a watan Oktoba na 1900. Dabarar da ta ba su nasara a kan yashin da ya gagari na baya mai sauƙi ce: maimakon ruwa zalla, sai suka riƙa tura ruwan taɓo cikin ramin, taɓon ya riƙa shafe bangon yana hana shi zubewa. Shanu suka kora cikin wani kududdufi suka tattake shi aka sami taɓon. Har yau da wannan dabara ake haƙar mai a ko'ina cikin duniya, sai dai an daina neman taimakon shanu.

Da hantsin ranar 10 ga Janairu, 1901, ramin ya kai ƙafa 1,139, sai taɓo ya fara tafasowa, bututun ƙarfe mai nauyin tan shida ya yi tsalle sama ya tarwatse. Aka yi tsit na ɗan lokaci. Can sai taɓo da iskar gas, sa'an nan ɗanyen mai ya yi feshi sama fiye da ƙafa 100. Kwana tara ana fama kafin a toshe bakin rijiyar, kuma an ƙiyasta tana zubar da ganga 100,000 a kowace rana. Ba a taɓa ganin irinta a Amurka ba.

A gidan tarihin an kafa hasumiyar katako irin ta wancan zamani, an kuma haɗa mata injin da ke harba ruwa sama domin a nuna wa baƙi yadda abin ya kasance. Mun tsaya nesa muka kalla, iska ta kaɗo mana yayyafi, yaran makarantar da muka tarar suna ta ihu. Minti kaɗan aka kashe injin. Ɗayanmu ya ce mu ƙaddara wannan baƙin mai ne, mai wari, kuma haka zai yi ta yi dare da rana har kwana tara, ga shi ƙyastun ashana guda zai iya cinye kowa.

Abin da Ya Biyo Baya

Cikin wata uku mutanen Beaumont suka kai 30,000. Wanda bai sami ɗaki ba ya kwana a tanti ko a kan kujerar wanzami. Akwai mutumin da ya shekara uku yana neman mai sayen filinsa a kan dala 150, ya sayar da shi dala 20,000, wanda ya saya kuma ya sayar dala 50,000 kafin minti goma sha biyar. An kafa kamfanoni fiye da 500, da yawa daga cikinsu ba su da komai sai takardar hannun jari, har mutane suka juya sunan tudun zuwa wata kalma mai nufin tudun zamba. A 1902 rijiyoyi 285 ne cunkushe a kansa, aka haƙo ganga miliyan 17 da rabi a shekarar. Mai ya yi arha har ganga ta koma senti uku, alhali kofin ruwan sha senti biyar ne. Gobara kuwa ta zama abokiyar zama.

Kowa yana zuƙa daga tukunya ɗaya, kowa yana tsoron maƙwabcinsa ya riga shi, saboda haka ƙarfin iskar da ke turo man ya mutu da wuri. Zuwa farkon 1904 tudun gaba ɗaya ganga 10,000 kawai yake bayarwa a rana. Jama'a suka kwashe kayansu suka nufi wasu sababbin wurare. A 1925 kamfanin Yount-Lee ya haƙa mai zurfi a gefen tudun, aka sake wata kakar da ta kai ganga miliyan 21 a 1927. Daga shekarun 1950 zuwa 1975 farar wuta aka koma haƙa, har ƙasar wurin ta lotsa, dole aka ɗauke dogon dutsen tunawa da aka kafa a 1941. Yanzu a harabar gidan tarihin yake. Ashe ma garin da muka zaga ba a ainihin wurinsa yake ba.

Birnin da Higgins ya zana bai taɓa tsayuwa ba. Abin da aka sake ginawa shi ne abin da ya tsaya a madadinsa: gidan waya, kantin kayan masarufi, kantin magani, maɗaba'a, ɗakin mai hoto, maƙera, shagon wanzami, bargar dawaki da keken ɗaukar gawa, da kuma mashaya. Mun shiga kowanne. Ko'ina fes, ba taɓo, ba wari, ba ƙuda. Wannan ne ya sa muka fahimci iyakar gidan tarihi irin wannan. Yana iya nuna ma'aunin ɗan kanti da kujerar wanzami, amma tantin lebura ba ya jure shekara ɗari, kuma baƙaƙen fata da aka bar wa aikin haƙa tafkunan ajiye mai da koran alfadarai ba su da shagon da za a sake ginawa.

Tambayar da Ta Ƙure Mu

Wanda ya zaga da mu wani dattijo ne sanye da tufafin wancan zamani. Yana ba da labarin ranar feshin kamar da shi aka yi. Muka tambaye shi inda ya samo waɗannan bayanai dalla-dalla, sai ya ce a shekarun 1950 wasu malaman Jami'ar Teksas sun bi tsofaffin ma'aikatan mai gida-gida da rakoda, cikinsu har da 'yan gidan Hamill, suka ɗauki maganarsu kafin su ƙare. Da ya ji daga Nijeriya muke, sai ya ce ai ƙasarmu ƙasar mai ce, ya tambaye mu abin da mutanen ƙauyen da aka fara samun mai suka ce a ranar da ya fito. Muka dubi juna.

Dukanmu mun sha rubuta wa ɗalibai a allo cewa a Oloibiri aka fara samun mai a 1956, kamfanin Shell-BP ne ya haƙo shi, an fara fitar da shi waje a 1958. Wasunmu sun san cewa wurin yana jihar Bayelsa ta yanzu, an daina ɗibar mai a can tun shekarun 1970, kuma Shugaba Obasanjo ya aza harsashin gidan tarihin mai a wurin a 2001. Iyakar saninmu ke nan. Ba mu da maganar masunci ko ɗaya, ko ta macen da ta ɗebi ruwa a rafin a shekarar.

Kada mai karatu ya ɗauka Spindletop ba ta shafe mu ba. A kan tudun nan aka haifi kamfanin Gulf da kamfanin Texaco. Gulf ne ya gano mai a cikin teku a Okan a 1963, kuma da yawa daga cikinmu sun tashi suna ganin jan tauraron Texaco a gidajen mai na garuruwanmu, kafin Chevron ya haɗiye Gulf a 1984, Texaco kuma a 2001. Kuɗin man da irin waɗannan kamfanoni suka haƙo ne suka kawo ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970, a daidai lokacin da fari da cutar gyaɗa da guduwar matasa zuwa birni suka taru suka share dalar gyaɗa daga Kano. Mu ma mun yi tamu kakar ke nan, ko da yake rijiyar ba a ƙofar gidanmu take ba.

Kammalawa

'Yan'uwa marubuta, a nan ne maganar ta zo kanmu. Leburorin da suka ɗora buhunan dalar gyaɗa, da dillalan da suka yi awo, da ma'aikatan da suka karɓi kuɗin Udoji suka sayi babur da rediyo a mako guda, waɗanda suka rage daga cikinsu sun haura shekara saba'in. Suna nan a unguwanninmu, a bakin masallaci da ƙofar gida, kuma ba wanda ya tambaye su. Malaman Teksas sai da suka ɗauki rakoda mai nauyi, mu kuwa wayar da ke aljihunmu ta wadatar. Abin da ake bukata shi ne a zauna, a yi tambaya, a rubuta sunan wuri da shekara da farashi yadda mai maganar ya faɗa, ba tare da an yi masa kwalliya ba.

Mu dai da muka dawo mun ba ɗalibanmu na babban aji aikin hutu: kowa ya zauna da tsoho ɗaya a gidansu, ya tambaye shi abin da ya gani a shekarar Udoji, ya rubuto shafi biyu. Wasu sun kawo abin da ya fi ƙarfin shafi biyu. Muna fatan wannan mujalla za ta ba su fili a fitowa ta gaba, muna kuma roƙon sauran malamai da marubuta su gwada hakan a garuruwansu tun masu ba da labarin suna raye.