Gure da rairayi: tarihin kwarin da ya ci da kakanninmu



Duk wanda ya bi hanyar kwalta daga Damagaram zuwa Diffa, da ya wuce Gure zai ga tuddan rairayi farare fat, a tsakaninsu kuma kwari cike da goriba da dabino. Da yawa cikinmu cewa muke hamada ce ta taso daga arewa ta iske mu. To, gaskiyar magana, rairayin nan ba baƙo ba ne. Ya daɗe a nan tun kafin kakanninmu, sai dai a da ciyawa da itatuwa ke riƙe da shi.

A ƙarshen 1852 Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratso ta Gure a hanyarsa daga Borno zuwa Damagaram. Lokacin Gure ce fadar Muniyoma Koso, wanda ya ɗauko sarautar daga Bune. Muniyo na bin Borno ne, kuma babban arzikinta a cikin kwari yake. Can ake kwasar kanwa, can Mangawa ke tace ƙasa mai gishiri su dafa ruwan har ya zama mangul. Fatake su ɗora wa raƙuma da jakuna, su nufi Damagaram da Kano. A kwarin dai ake noman rani, don ruwa bai da zurfi. Goriba kuwa ba abin yarwa a jikinta: 'ya'yanta a ci, kaba a yi tabarma da igiya, itacen a yi rufin ɗaki.

Amma kada mu ce a da komai lafiya lau. Dafa mangul na cin itace sosai, kuma an sha yunwa, kamar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Bambancin shi ne mutane ba su yi yawa ba, gona na samun hutu, makiyaya Fulani da Tubawa na tafiya da dabbobinsu, daji ya samu sararin farfaɗowa.

Farin 1973 da na 1984, wanda tsofaffinmu ke kira El Buhari, su suka juya al'amarin. Ciyawa ta ƙare, itatuwa suka bushe a tsaye, dabbobi suka mutu. Wanda ya rasa hatsi sai ya ɗauki gatari, ya sari itace ya kai kasuwa. Ba za mu zarge shi ba, yunwa ce. Sai dai da tudu ya zama tsirara, iskar hunturu ta fara kwasar rairayin tana zubawa a kwari, ta binne rijiya da garka, wani wurin har gidaje da hanya.

Hukuma ta farka. Zamanin Seyni Kountché aka mai da 3 ga Agusta, ranar 'yancin kai, ta zama ranar dashen itace, kuma a 1984 aka yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada. Daga baya furoje-furoje suka zo da aikin kafe tudu: a yi shinge da rassan kalimbo ko na goriba don rage ƙarfin iska, a dasa itace a tsakani, a hana dabbobi shiga na wasu shekaru. Inda aka yi tsaro da gaske, mun gani da idonmu, ciyawa ta dawo. Inda aka watse bayan kuɗin aiki ya ƙare, rairayin ya ci gaba da tafiyarsa.

Ga 'yan'uwanmu na Magarya da Matamai da Mirya, ba su jira kowa ba. Barin gawo suka yi ya tsiro a gonakinsu, yau ana zuwa daga ƙasashen waje ana kallo.

Kwarin da rairayi ya binne da wuya ya dawo, kuma matashin da ya rasa garkar ubansa hanyar Libiya ko Najeriya zai kama. Saboda haka mu zauna da masu gari da makiyaya, mu tsai da wanda zai tsare kowane shinge bayan furoje ya tafi. Ku kuma tambayi tsofaffinku sunayen kwarin da suka sani suna yara, mu rubuta su tun masu ba da labarin na raye.

Allah ya ba mu damina mai albarka.