Ɗurin Harsashi da Hannu: Tarihin Elmer Keith da Libarbarsa

Idan muka waiwayi tarihin libarba a ƙasar Amurka, za mu tarar da cewa ba kowane ci gaba ne ya fito daga masana'anta ba. Wani ya samo asali ne daga hannun makiyaya da maharba, waɗanda kan narka darma su ɗura harsashinsu da kansu, saboda nisan kasuwa da tsadar kaya. A wannan ɗan rubutu za mu dubi ɗaya daga cikinsu, wato Elmer Keith (1899 zuwa 1984), wanda ya tashi a jihar Montana, daga bisani ya zauna a Idaho.

Matsalar da ta fuskanci Keith a shekarun 1920 ita ce ƙarancin zaɓi. Libarbarsa ƙirar Colt ce mai lamba .45, irin wadda sojan Amurka suka fara riƙewa a 1873. Shi kuwa yana son ƙwayar darma mai nauyi domin farautar manyan namun daji, alhali wadda ake sayarwa ba ta gamsar da shi ba. Don haka sai ya ɗauko ƙwayar doguwar bindiga, ya rage mata kauri, ya cika kwanso da albarushi. Sakamakon haka libarbar ta tarwatse a hannunsa. Allah ya yi da sauran kwana, ya tsira.

Hausawa na cewa in rawa ta sauya, kiɗa ma sai ya sauya. Keith bai zargi tsautsayi ba, sai ya binciki dalili. Ya lura cewa gidan harsashin Colt, mai ramuka 6, girmansa ɗaya ne ko da wace lamba aka huda shi. Ashe ke nan ƙaramin rami yakan bar bango mai kauri. Wannan ne ya sa ya koma ga harsashin .44 Special, ya kuma zana ƙwaya mai faffaɗan baki, wadda kamfanin Lyman ya yi wa mazubi mai lamba 429421.

Kusan shekara 30 ya yi yana rubuce-rubuce, yana kira ga masu masana'antu da su ƙera harsashi mai irin wannan ƙarfi. A 1955 Remington da Smith & Wesson suka amsa, aka sami .44 Magnum. Sai dai sun ƙara wa kwanson tsawo kaɗan da gangan, don kada wani ya cusa shi cikin tsohuwar libarba ta fashe masa.

Daga ƙarshe, muna iya cewa wannan ɗan ƙarin tsawo shi ne gadon hatsarin Keith. Darasin da mutum ɗaya ya kusa saye da ransa, shi aka mayar ma'auni domin kare na baya.