Asibitin Shika: Abin da Likitoci Suka Koya Daga Majinyatanmu

Ya kai mai karatu, idan kana Kusa ko Magama ko cikin garin Jibiya aka ce an tura ɗan'uwanka Shika, ka san ciwo ya yi tsanani. Tafiya ce mai nisa, sai an ratsa Katsina da Funtuwa. Amma ko ba ka taɓa taka ƙofar asibitin ba, amfaninsa ya riga ya iso gidanka.

An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, aka buɗe tsangayar koyar da likitanci a 1967. Da farko asibitin koyarwar a rarrabe yake: akwai na Tudun Wadan Zariya, da na Kaduna, da na Malumfashi a ƙasar Katsina. Sai a 2005 aka tare a mazauni na dindindin da ke Shika. Bambancin irin wannan asibiti da saura shi ne, bayan jinya, ana horar da likitoci, ana kuma rubuta abin da aka gani a jikin majinyata domin na baya su amfana. Ga misalai uku.

Na farko shi ne sanƙarau, wanda ba ya tambayar takardar ƙetare iyaka tsakanin Jibiya da Maraɗi. Dakta Brian Greenwood da abokan aikinsa sun shafe shekarun 1970 suna nazarinsa a Zariya. A 1979 aka wallafa binciken da Dakta Sadiq Wali ya jagoranta, wanda daga baya ya shugabanci Asibitin Malam Aminu Kano. Binciken ya nuna cewa allura ɗaya ta chloramphenicol mai maiƙo tana iya maganin cutar. Mu masu aikin magani mun san nauyin wannan: a lokacin annoba, ma'aikaci ɗaya a ƙauye ba zai iya yi wa mutum ɗari allura sau huɗu a yini ba. Yau magunguna sun sauya, kuma rigakafin MenAfriVac ya iso Nijar a 2010, Katsina a 2011. Sai dai nau'i ɗaya yake karewa, shi ya sa wani nau'in ya ɓarke a 2017. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya a lokacin zafi ba abin jira ba ne.

Na biyu ya shafi mai jego. Likitoci biyu, Davidson da Parry, sun lura da yawan matan da ake kawowa da kumburin jiki da haki bayan haihuwa. Rahotonsu na 1978 ya danganta wannan ciwon zuciya da yawan shan kunun kanwa, da wankan ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zuciyar da ta gaji kuwa sai ta kasa. Binciken baya ya nuna akwai wasu dalilan, amma gargaɗin yana nan. Idan mai jegonku ta fara kumburin ƙafa, ko ba ta iya kwanciya sai an tokare ta da matashi, a ajiye kanwa a nufi asibiti.

Na uku shi ne aikin Farfesa Kelsey Harrison, wanda ya bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin Zariya, aka wallafa a 1985. Abin da ya fito fili shi ne, mafi yawan matan da suka rasu ba su je awo ba, sai da naƙuda ta yi tsawo ko jini ya ɓalle aka kawo su. Jinkiri ya fi cutar kisa.

A yau asibitin koyarwa ya matso kusa da kai. An kafa na Kano a 1988, ya yi dashen ƙoda na farko a 2002. Tsohuwar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Katsina ma ta zama asibitin koyarwa a ƙarshen mulkin Shugaba Muhammadu Buhari. Malamai da yawa na waɗannan wurare Zariya ce ta yaye su.

Saboda haka idan an tura ka, riƙe takardar da likitan farko ya rubuta. Zuba duk magungunan da majinyaci ke sha a leda, har da na gargajiya da wanda aka sayo a kasuwa, ka nuna ba tare da jin kunya ba. Idan ɗalibai suka kewaye gadon, ka sani kana da damar tambaya, kana kuma da damar ƙi. In ka amince, to da haƙurin iyayenmu aka koyi abin da ake yi mana magani da shi yau. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.