Daga Shamuwa Zuwa Tauraron Ɗan'adam: Tarihin Gargaɗin Iskar Hadari a Ƙasar Kankiya da Kusada

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kankiya ko Kusada ya san irin yammacin nan na ƙarshen bazara, lokacin da gari zai ɗau zafi ya yi tsit, ko ganye ba ya motsi, can sai gabas ta yi baƙi ƙirin, ƙura ta turnuƙe, mata su shiga kwashe shanya, yara su koro awaki gida. Kafin ɗigon ruwa ya taɓa ƙasa iska ta riga ta iso, kuma sau da yawa ita ce mai yin ɓarnar. Washegari a wayi gari ana tsintar kwanon rufi a gonaki, ana kewaya turakun lantarki da suka kwanta a kan hanya, ana kallon ajin makarantar da ya koma kango. Ƙungiyoyin ci gaban garuruwanmu sun sha karɓar kuɗin taimako domin mayar da irin wannan rufi. A wannan maƙala muna so mu waiwayi tarihin yadda ake gane zuwan wannan iska tun kafin ta iso, daga zamanin kakanninmu zuwa yau, domin mu ga inda gargaɗin yake tsayawa bai kai ga mai gida ba.

Ilimin Magabata

Magabatanmu ba su zauna hannu sake suna jiran iska ta same su ba. Malamai suna da lissafin taurari 28, wanda ya raba shekara gida huɗu, wato bazara da damina da kaka da ɗari, kowane gida da taurari 7, kowane tauraro da kwana 13, in ban da guda ɗaya mai kwana 14. Da wannan lissafi manomi yakan san cewa idan Haƙ'a da Han'a suka kama, damina ta shigo, idan kuwa aka kai Ɗarfa da Jabha, ruwa ya zauna. Bayan lissafin malamai akwai alamun da kowa yake gani da idonsa. Isowar shamuwa daga kudu, da juyawar iska daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, da yadda gawo yake fara zubar da ganye a lokacin da sauran itatuwa suke toho, duk saƙo ne cewa hadari ya kusa.

Abin lura a nan shi ne, kowace alama tana da aikin da ya rataya a kanta. Da zarar an ga shamuwa, mai soro zai nemi magini ya yi masa yaɓe, ya gyara indararo, ya duba azarar da ta fara cin gara. Mai ɗakin jinka zai sake baibaya, ya ƙara ɗaure tanka. Za a duba rumbuna, a tokare dangar da ta karkata. Idan kuma akwai abin da ya shafi gari baki ɗaya, umarni yakan sauko daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa, mai shela ya zaga lungu-lungu ya sanar. Ilimin bai iya faɗin rana ko sa'ar da iska za ta zo ba, amma ɗan abin da aka sani yana isa kowane gida, kuma ana aiki da shi.

Yadda Iskar Take Tasowa

Binciken kimiyya ya zo ya tabbatar da abin da tsofaffi suka daɗe suna faɗi, cewa hadarin ƙasarmu daga gabas yake fitowa. A ƙarshen bazara iska mai laima tana tasowa daga Tekun Atlantika ta kutso arewa ta ƙasa-ƙasa, yayin da busasshiyar iskar Sahara take bisa kanta. Zafin rana ya ɗaga mai laimar sama, gizagizai su haɗu su yi jeri mai tsawon ɗaruruwan kilomitoci daga arewa zuwa kudu, sa'an nan iskar gabas da ke can sama ta turo jerin zuwa yamma da gudun kilomita 50 zuwa 60 a sa'a. Ruwan da yake faɗowa ta cikin busasshiyar iska yana sanyaya ta, ta yi nauyi ta rikito ƙasa, ta bazu a gaban hadarin tana kwasar ƙura. Ita ce iskar nan mai sanyi da take riga ruwa isowa. Shi ya sa ta fi muni a watannin Mayu da Yuni, lokacin da sararin sama yake a bushe, ƙasa kuma babu ciyawar da za ta riƙe ta. Wasu masana yanayi biyu Turawa, Hamilton da Archbold, sun bayyana waɗannan jerin hadarurruka a rubutunsu kan yanayin Nijeriya tun a 1945.

Akwai wani lissafi da ya kamata kowane kafinta ya riƙe. Idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da take danna gini da shi yana ninkawa sau huɗu. Bugu da ƙari, iska ba ture rufi kawai take yi ba, idan ta bi ta samansa tsotso shi take yi zuwa sama, idan kuma ta sami ƙofa ko taga a buɗe ta shiga ɗaki, sai ta tura shi daga ciki. Soron kakanninmu yana da nauyi, ga rawani kewaye da shi, don haka ruwa ne abokin gabansa. Kwanon da ya maye gurbinsa ba ya yoyo kamar soro, amma ba shi da nauyi, iska ce abokiyar gabansa. Mun sauya rufi, ba mu sauya irin shirin da muke yi masa ba.

Mizani da Matakan Gargaɗi

Tunanin raba iska mataki-mataki a teku aka fara shi. A 1805 wani hafsan sojan ruwan Ingila, Francis Beaufort, ya tsara mizani daga 0 zuwa 12, wanda daga baya aka daidaita shi da abin da ido yake gani a tudu. A mataki na 6 manyan rassa suna kaɗawa, a na 8, wato gudun kilomita 62 zuwa 74 a sa'a, ƙananan rassa suna karyewa, tafiya tana gagara, a na 10 kuwa itatuwa suna tumɓukewa. A watan Oktoban 1859 wata mahaukaciyar iska ta farfasa jirgin ruwa mai suna Royal Charter a gaɓar Birtaniya, mutane kimanin 450 suka halaka. Wannan ya sa Robert FitzRoy ya fara aika gargaɗi ta wayar tangaraho zuwa tashoshin jiragen ruwa a 1861, inda ake rataya alamu a kan dogon turke domin matuƙa su gani su fasa fita.

Tsarin launuka da ake gani a yau shi ma asara ce ta haife shi. A ƙarshen Disamban 1999 iska ta afka wa Faransa sau biyu cikin kwana uku, ta kashe mutane kusan 90. Masana sun yi hasashe, amma jama'a ba su fahimci girman abin ba, domin an gaya musu da alƙaluma. Saboda haka a 2001 aka fito da launuka huɗu: kore, babu damuwa, rawaya, a lura, ruwan lemo, a yi shiri sosai, ja, a nemi mafaka. Darasin da ke ciki shi ne, mataki ba shi da amfani sai mai sauraro ya san abin da zai yi idan ya ji shi.

A Nijeriya an fara ajiye bayanan yanayi a Akasa, can bakin teku, a 1887, Kano kuma ta sami ma'aunin ruwanta a farkon ƙarni na 20. Jirgin sama ya fara sauka a Kano a watan Nuwamban 1925, kuma tun daga nan bukatun matuƙa jirgi ne suka fi jan ragamar aikin, shi ya sa manyan tashoshin awo suke a filayen jiragen sama, kamar na Kano da Katsina. Farin da ya addabi yankin Sahel a farkon shekarun 1970, wanda dattawanmu ba su manta da shi ba, ya sa aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974. A 1977 aka harba tauraron ɗan'adam na Meteosat na farko, wanda ya ba masana damar ganin jerin hadari tun yana ƙasar Cadi. An kafa Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, NEMA, a 1999, sai Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, NiMet, a 2003. Ita NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da fassararsa da Hausa, tana kuma fitar da hasashen kwanaki uku-uku, wanda a cikinsa takan ja kunne cewa iska mai ƙarfi za ta iya riga ruwa isowa.

Inda Gizo Yake Saƙa

Da yake ilimi ya kai haka, me ya sa har yanzu iska take samun mu ba shiri? Dalili na farko yana cikin halin hadarin kansa. Masani zai iya cewa gobe da yamma akwai yiwuwar hadari mai iska a jihohin Katsina da Kano da Jigawa, amma ba zai iya cewa Rimaye za ta faɗa wa ko Kafin Soli ba, sai hadarin ya riga ya haɗu, saura sa'o'i kaɗan. Dalili na biyu namu ne. Saƙon yana fita daga Abuja, ya shiga rediyo da intanet, ya tsaya a wayar 'yan boko, bai isa ga shugaban makarantar firamare ko sarkin kasuwa ko mai kiwo a daji ba. Hanyar mai shela ta yi rauni, ba mu kuma gina wata a madadinta ba. Ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018, wadda ta zo cikin dare ta ci rayuka fiye da 40, ta nuna mana a cikin jiharmu tsadar rashin sanarwa a kan lokaci. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta lura da wannan giɓi, har a 2022 ta ƙaddamar da shirin ganin gargaɗi ya isa ga kowane mutum a duniya kafin ƙarshen 2027.

A nan ne yanayin ƙasarmu ya ba mu wata dama. Kankiya tana cikin ƙananan hukumomi 7 da Jihar Katsina ta fara da su a 1987, Kusada kuma ta sami tata a 1996. Iyakar mulki ta raba mu, amma hanyar hadari ba ta sauya ba. Kusada da Ingawa suna gabas da Kankiya, bayansu kuma akwai ƙasar Kazaure. Hadarin da ya baro Kazaure yana bukatar kimanin sa'a guda kafin ya iso Kankiya, wanda ya baro Kusada kuma kimanin minti 20. Tun da wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, kira ɗaya ya fi kowace iska gudu. Minti 20 ya isa a fitar da yara daga ajin da rufinsa yake rawa, a kwance rumfunan kasuwa, a janye dabbobi daga ƙarƙashin tsohon icce.

Abin da Ya Rage Mana

Muna ganin ƙungiyarmu za ta iya tsara matakai uku da kowa zai gane, kowanne da aikinsa da mai sanar da shi. Na farko shi ne matakin shamuwa, a watan Afrilu: kowane mai gida da kowace makaranta a duba rufi, a ɗaure katako da bango da langalanga, a ƙara ƙusa a gefuna da kusurwoyi inda iska take fara ɓamɓara, a sare busassun rassa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na biyu shi ne ranar da NiMet ta ambaci iska mai ƙarfi a yankinmu: wanda aka ɗora wa alhakin bin hasashen ya sanar da masu unguwanni da limamai da shugabannin makarantu tun da safe. Na uku shi ne lokacin da 'yan'uwanmu na gabas suka kira suka ce ga ta nan: a yi shela da lasifikar masallaci, a rufe ƙofofi da tagogi, a nisanci itatuwa da turakun lantarki da katangar da ta tsage, mai mota ya tsaya a fili. Wanda ya ga walƙiya ya ƙirga daƙiƙu kafin ya ji tsawa, duk daƙiƙa 3 kilomita guda ce tsakaninsa da ita.

Sai kuma dashen itatuwa. Jerin darbejiyar da aka dasa a arewacin jihar nan, musamman wajen Jibiya, a shekarun 1980 ya nuna cewa shingen itace yana karya ƙarfin iska. Ya kamata makarantunmu su sami irinsa ta ɓangaren gabas, da 'yar tazara daga gini.

Kammalawa

Iska baiwa ce daga cikin bayin Allah, Manzon Allah (SAW) kuma ya koya mana mu roƙi alherinta mu nemi tsari daga sharrinta, kamar yadda ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sa'an nan ya yi tawakkali. Kakanninmu da ɗan ilimin da suke da shi sun isar da saƙo kowane gida. Mu da muka sami tauraron ɗan'adam da waya a aljihu, abin kunya ne a ce kowace shekara sai bayan rufi ya tashi za mu zauna taron neman gudummawa. Kuɗin langalanga da ƙusa bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin sabon rufi ba, rai kuwa ba shi da madadi. Muna fatan wannan batu zai shiga ajandar babban taronmu kafin shamuwa ta sake dawowa. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare garuruwanmu daga sharrin iska da ambaliya, amin.