Zare: Voltron, Transformers da dalmar da ke cikin fenti

1/ Duk wanda ya taɓa shiga rigima a dandalin nan ya san "voltron": wanda zai faɗo cikin zance yana kare ubangidansa ba tare da an kira shi ba. Muna ta faɗin kalmar, da yawanmu ba mu san sunan kayan wasan yara ba ne. Tarihin kayan wasan nan kuwa ya ratsa ta wani abu da mu mutanen Bukkuyum da Anka muka sani fiye da yadda muke so. Zaren da tsawo, ku gyara zama.

2/ Mu fara daga Japan, ƙarshen 1945. An gama yaƙin duniya na biyu, birane sun ƙone, ƙarfe ya yi wuya, sojojin Amurka sun cika tituna da motocin jif. Wani maƙerin kayan wasa, Matsuzo Kosuge, ya riƙa tattara gwangwanayen da sojojin suka zubar, a farke su, a daddake, a ƙera ƙananan jif. Roba aka ɗaura ta zama inji. Aka kai wani babban kanti a Kyoto, nan da nan suka ƙare.

3/ Gwangwani, roba, mota. Ba abin da yaran ƙauyenmu ke yi ke nan ba? Gwangwanin madara, a yanka tsohon silifa a yi taya, ko a feƙe karan dawa a soke da tsinke. Su can dai an samu masu jari suka ɗauki abin, cikin 'yan shekaru kayan wasan gwangwani suka shiga hajar da Japan ke kaiwa kasuwannin duniya.

4/ A 1972 aka fara nuna katun na Mazinger Z, ƙaton mutum-mutumi da yaro ke shiga kansa yana tuƙawa. A 1974 kamfanin Popy ya fito da ƙaraminsa na zubin ƙarfe, mai nauyi a hannu, ya samu kasuwa ba kaɗan ba. Daga nan al'amarin ya juye: masu kayan wasa suka koma ɗaukar nauyin katun, suna da ta cewa a kan siffar jarumin tun kafin a zana shi, don ya zama abin da za a iya ƙerawa a sayar.

5/ Kamfanin Takara ya fito da Diaclone a 1980, a 1982 ya ƙara da motocin da ake lanƙwasawa su zama mutum-mutumi. A 1983 sai Micro Change: bindiga, kaset, kyamara, duk suna rikiɗa. Lura da kyau, a lokacin babu katun ɗinsu a talabijin. Motocin Diaclone ma ba rayayyu ba ne, ɗan mitsitsin direba ake sakawa a ciki.

6/ Mutanen Hasbro na Amurka suka gan su a baje kolin kayan wasa na Tokyo a 1983, suka sayi izinin sayarwa, suka haɗe gidajen biyu wuri ɗaya, suka ba Marvel aikin ƙirƙiro musu labari. Bob Budiansky ya raɗa wa mafi yawan na farko suna da hali cikin 'yan kwanaki. Tirelar da ake kira Battle Convoy ta zama Optimus Prime. Bindiga samfurin Walther P38 ta zama Megatron. Rediyo mai kaset ya zama Soundwave. Wato gangar jikin ta riga ruhin zuwa duniya.

7/ Me ya sa sai 1984? A zamanin Reagan hukumar sadarwar Amurka, ƙarƙashin Mark Fowler, ta sassauta ƙa'idojin talla a shirye-shiryen yara. Ƙofa ta buɗe, kamfani zai iya shirya katun na rabin awa wanda gaba ɗayansa tallar haja ce. Transformers ya fara a Satumbar 1984, ya yi kashi 98 zuwa 1987.

8/ In kana shakkar cewa talla ce, dubi fim ɗin 1986. Tun kafin a yi nisa aka kashe Optimus Prime da wasu tsofaffin jarumai. Dalili? An gama cin kasuwar tsofaffin, ana son yara su nemi sababbi. Yara suka yi ta kuka a silima, iyaye suka yi ta aika wasiƙun ƙorafi, a farkon 1987 aka tashe shi daga matattu. Ni dai wannan ya fi komai ba ni dariya da haushi lokaci guda: wanda ya yanke hukuncin kaya a shago yake gani, yaron kuma uba yake gani.

9/ To ina Voltron? Shi ma Satumbar 1984 ya fito a Amurka. Kamfanin World Events Productions na St. Louis ya ɗauko katun ɗin Japan na 1981 mai suna GoLion, ya yanke wuraren jini da mutuwa, ya sake masa murya. Zakuna biyar, baƙi, ja, kore, shuɗi da rawaya, su haɗe su zama ƙato ɗaya mai takobi. Shi ne NTA ta riƙa nunawa, lokacin da sai ƙarfe huɗu na yamma ake buɗe tasha. Tambayi duk wanda ya tashi a Kaduna ko Legas a shekarun nan, zai lissafo maka zakunan ba gargada.

10/ Amma ga abin da ba a cika faɗa ba. Tallar ta iso Najeriya, hajar ba ta iso hannun yawancin yara ba. A 1986 Babangida ya kawo tsarin SAP, naira ta faɗi, kayan waje suka yi tsada. Ɗan ma'aikaci ya kalli Voltron kyauta, ya fita waje ya yi nasa da kwali da waya. Mu nan kuwa ko jihar ba a yi ba tukuna, sai 1996 aka cire Zamfara daga Sakkwato, kuma talabijin ba abin ƙauye ba ne. Tsaranmu a gidan kallo muka san Transformers, ta finafinan da suka fara daga 2007.

11/ Yanzu ga inda zancen ya zo gida. A Nuwambar 1986 aka yi shelar janye wasu zakunan Voltron na ƙarfe da kamfanin Matchbox ya sayar a Amurka, waɗanda aka ƙera a Taiwan. Fentin jikinsu na ɗauke da dalma fiye da abin da doka ta yarda. Tun 1978 Amurka ta ƙayyade dalma a fentin kayan yara kada ta wuce kashi 600 cikin miliyan.

12/ Dalma. Ni ɗan Tungar Guru ne, ba sai an fassara mana wanga suna ba. A farkon 2010 ƙananan yara suka riƙa farfaɗiya suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, aka zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Likitocin MSF ne suka ankara a watan Maris. Dutsen zinariya da ake kawowa cikin gida ana daka a turmi, ana niƙa a injin hatsi, ana shanyawa a tsakar gida, cike yake da dalma. Ƙurar ta zauna a ƙasar da yaro ke rarrafe, ya kai hannu baki.

13/ Yara sama da 400 suka rasu. A wasu wuraren gwajin ƙasa ya haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ma'aunin Amurka na wurin wasan yara a lokacin 400 ne. Na'urar gwajin jini tana tsayawa a 65, jinin yara da yawa ya zarce abin da take iya karantawa. Aka fara kankare ƙasar gidaje a Dareta da 'Yargalma, daga baya Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji da Tungar Guru, ana kwashe ta sama ana zuba sabuwa. Bagega sai 2013, bayan matasa sun tada gangamin SaveBagega a intanet.

14/ Kada wani ya ce na haɗa fentin ɗan zaki da ƙurar ma'adini. Tazararsu kamar rijiya da gulbi ce. Amma gubar ɗaya ce, hanyar shigarta ɗaya ce, hannu zuwa baki, kuma wanda ta fi kamawa ɗaya ne, ɗan ƙasa da shekara biyar da ƙwaƙwalwarsa ke girma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Kaɗan ɗin ba ya kashewa, sai dai ya rage kaifin fahimta a ɓoye.

15/ Yaran 1984 sun girma sun yi kuɗi, su ne masu tara kayan yau. Takara ya buɗe musu jerin Masterpiece a 2003. A 2019 Hasbro ya ce zai ƙera ƙaton Unicron a kan kusan dala 575 in mutum 8,000 sun biya tun kafin a fara, kuma suka biya. Abin da ya fi daraja a wurinsu shi ne tsoho na asali, cikin kwalinsa, ba a taɓa buɗewa ba. Kayan wasan da ba a yi wasa da shi ba, kun ji fa.

16/ Su a bayan gilashi suke ajiyewa. Matsalar tana ga wanda ya kuɓuce. Shelar janye kaya ba ta dawo da duka, saura na shiga akwatin tsofaffin kaya, kuma mun san inda dilar gwanjo ke ƙarewa. Ba tsohon labari ba ne kawai: a 2007 Mattel ya janye ɗimbin kayan wasa ƙirar China saboda dalma a fenti, a 2009 Amurka ta sauko da iyakar daga 600 zuwa 90. Ma'ana wanda ya tsallake gwaji a 1985 yana iya faɗuwa a na yau.

17/ Ga masu sha'awar tarawa a cikinmu, na ga kuna ƙaruwa: in ka tsinci tsohon na ƙarfe mai fenti a gwanjo, juya shi ka duba tambarin ƙasa da shekara a jikinsa. Kada ka goge fentin da sanfefa don ya yi sabo, ƙurar ita ce gubar. Ɗora shi can sama, ka wanke hannu kafin ka ci abinci. In ƙaninka mai fitar haƙori ya yi kuka sai an ba shi, miƙa masa ludayin duma.