Shanun Liyon da Jinin Sojan Kusantina: Waiwaye kan Gudummawar Faransa a Binciken Tarin Fuka da Zazzaɓin Cizon Sauro

Idan ana ba da tarihin ilimin ƙwayoyin cuta, Faris ce kan cinye labarin, saboda sunan Cibiyar Pasteur. Wannan maƙala na ganin cewa biyu daga cikin manyan nasarorin da ake jingina wa birnin sun faro ne daga wajensa, ɗaya a asibitin soja a ƙasar da Faransa ta mamaye, ɗaya kuma a hannun likitocin dabbobi.

Ranar 6 ga Nuwamba 1880, a asibitin soja na Kusantina a Aljeriya, Alphonse Laveran ya ɗiga jinin wani soja mai zazzaɓi a kan gilashi, ya duba da madubin ƙara girma ba tare da ya rina jinin ba. Sai ya ga wasu zarurruka suna motsi a tsakanin jajayen ƙwayoyin jini, ya gane cewa halitta ce mai rai. Malaman Turai ba su karɓi batun da hannu biyu ba, domin a 1879 Klebs da Tommasi-Crudeli sun riga sun ɗora laifin cutar a kan wata bakteriya da suka ce tana cikin ƙasar fadama. Sai da aka samu rinin Romanowsky a 1891, daga baya kuma na Giemsa a 1904, ganin ƙwayar ya zama aikin da kowane ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje zai iya maimaitawa. Da rinin Giemsa ake duba jini har yau a asibitocin Kano da Maraɗi. Laveran ya shiga Cibiyar Pasteur a 1896, ya sami lambar Nobel a 1907, ya kuma ba da rabin kuɗin don kafa ɗakin binciken cututtukan ƙasashe masu zafi a Faris.

Labarin tarin fuka ya fi sarƙaƙiya. A 1865 Jean-Antoine Villemin, malami a asibitin Val-de-Grâce na Faris, ya sanya wa zomaye cutar daga jikin mutum, ya nuna ana ɗaukarta, shekara 17 kafin Koch ya ga ƙwayarta a Balin. Amma a Liyon, inda Claude Bourgelat ya kafa makarantar likitocin dabbobi ta farko a duniya, Auguste Chauveau ya tabbatar a 1868 cewa shanu kan kamu ta hanyar abin da suka ci. A ganina ba a ba wannan gwaji haƙƙinsa ba. Ya buɗe tambayar nono da nama, tambayar da ta shafi duk al'ummar da ke shan nonon da ba a tafasa ba, har da tamu.

Daga saniya mai ciwon hantsa aka samo ƙwayar da ta zama BCG. Albert Calmette da Camille Guérin, wanda shi ma likitan dabbobi ne, sun yi ta renon ta a Lil tun 1908 a kan dankalin Turawa da aka jiƙa da ruwan maɗaciyar sa da gilisirin. Sun sauya mata mazubi sau 230 cikin shekara 13 har ƙarfinta ya karye. A watan Yulin 1921, a asibitin Charité na Faris, aka ba wa wani jariri ita ta baki, bayan tarin fuka ya kashe mahaifiyarsa.

Ya kamata a bambance riga-kafi da magani. BCG tana kare yara daga munanan nau'o'in cutar, kamar wadda ke kama ƙwaƙwalwa, amma kariyarta ga huhun manya ba ta da tabbas, kuma ba ta warkar da wanda ya riga ya kamu. Maganin farko mai aiki, sitiraftomaisin, a Amurka aka gano shi a 1943. Calmette bai ga wannan ba. Ya rasu a 1933, shekara uku bayan jarirai fiye da 70 sun mutu a Lubek ta Jamus, inda aka gurɓata riga-kafin da ƙwaya mai ƙarfi a ɗakin gwajin garin. Bincike ya wanke BCG, kotu kuma ta ɗaure likitoci biyu na can.