Shaidar tsofaffin taurari masu ƙarancin ƙarfe

Maƙerin da ke ƙera hauya a Filinge yana aiki ne da abin da babu shi a farkon duniya. Binciken masana sararin samaniya ya nuna cewa shekaru biliyan 13.8 da suka wuce, haidurojin da hiliyam ne kawai, sai ɗan burɓushin litiyam. Ƙarfe, da kabon, da sauran sinadarai masu nauyi, a cikin taurari aka dafa su, suka watsu bayan taurarin sun fashe. Saboda haka tauraron da ƙarfensa ya yi ƙaranci ƙwarai, alama ce an haife shi tun ana sabon yayi.

Irin waɗannan taurari sun fi yawa a kewayen gungun taurarinmu, can bayan gari, nesa da faifan da ranarmu take ciki. Ana gane sinadaransu ta hanyar tsaga haskensu kamar bakan gizo, domin kowane sinadari yana barin nasa baƙin layi. Wanda ƙarfensa bai kai kashi 1 cikin 100 na ranarmu ba, shi ake kira mai ƙarancin ƙarfe ƙwarai. Tun 1951 masana Chamberlain da Aller suka nuna ƙarancin ƙarfe a tauraron HD 140283, a lokacin da galibin masana ke ɗaukar cewa taurari duk kayan haɗinsu ɗaya ne.

A ganina, yawan ƙarfe shi kaɗai ba ya isa a yanke hukunci a kan tauraro, ko da yake shi ne ma'aunin da aka fi ambata. Hujjata ita ce SMSS J0313-6708, wanda Stefan Keller da abokan aikinsa suka bayyana a 2014 daga Ostireliya. Ba a ga ƙarfe a haskensa ba ko kaɗan. In ma akwai, bai kai kashi 1 cikin miliyan 10 na ranarmu ba. Amma ga kabon da yawa, ga maginiziyam, ga ɗan kalsiyam. Ina ƙarfen ya shiga? Bayanin da suka bayar shi ne, tauraron da ya gaji sinadaransa ya ninka rana nauyi kusan sau 60, kuma fashewarsa ba ta yi ƙarfi ba. Ɓawon waje mai kabon ya watsu, ƙarfen da ke tsakiya kuwa ya koma cikin baƙin ramin da ya samu. Ke nan wanda ya auna ƙarfe kawai ya san gadon kaɗan ne, amma bai san wanda ya bar shi ba. Gwargwadon wannan sinadari a kan wancan shi ke faɗin asali, kamar yadda zanen fuska yake faɗin dangi.

Akwai misalin da ya kamata ya taɓa ɗan Nijar. A 2001 Roger Cayrel da tawagarsa, da madubin hangen nesa da ke ƙasar Cile, suka ga yuraniyom a hasken tauraron CS 31082-001, ma'adinin nan da ake haƙa a Arlit tun 1971. Da yake rabinsa yana ruɓewa duk bayan shekaru biliyan 4.5, abin da ya rage ya zama agogo, aka ƙiyasta shekarun tauraron kimanin biliyan 12.5, da kuskuren biliyan 3 sama ko ƙasa. Kuskuren babba ne, amma hanyar mai zaman kanta ce, ba ta jingina da lissafin faɗaɗar duniya ba, shi ya sa take da daraja.

HD 140283 yana cikin burujin Mizani, kimanin tafiyar haske ta shekara 200 daga nan. Ido ba ya kama shi, amma ƙaramin tabaran hangen nesa ya isa, kuma daga Filinge yana hawa sama sosai a dararen Mayu da Yuni. Malaman kimiyya na Filinge, yaran da suka san Kaza da Ƴaƴanta, a fitar da su waje a nuna musu shi ma.